Inshorar tafiya a lokacin annoba: abin da za a biya ka da abin da za ka ɗauka da kanka

Idan ɓarkewar cuta ta wargaza maka tafiya ka nemi kamfanin inshora ya biya ka, abu biyu zai fara dubawa kafin ya kalli yawan asararka: ranar da ka sayi inshorar, da dalilin da ya sa tafiyar ta ɓaci. Galibin takardun neman diyya da ake ƙin amincewa da su, a kan ɗaya daga cikin biyun nan suke faɗuwa.

Fara da ranar. Inshora tana ɗaukar nauyin abin da ba a zata ba ne kawai. Da zarar labarin cuta ya bazu, kamfani zai ce ta zama sananniya, duk wanda ya saya bayan nan ya saya ne da saninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin matsalar gaggawa da ta shafi ƙasashen duniya ranar 30 ga Janairun 2020, ta kira ta annobar duniya ranar 11 ga Maris. Amma wasu kamfanoni ba su jira Maris ba, tun cikin Janairu suka ja layi. Kowane kamfani da tasa ranar, don haka ka tambaya a rubuce, ta imel, ka ajiye amsar. Irin wannan sanarwar gaggawa ta hukumar ba baƙon abu ba ce: an yi ta kan Ebola a Agustan 2014, kan Zika a Fabrairun 2016, kan ƙyandar biri a 2022 da kuma Agustan 2024. Saboda haka a sayi inshora a ranar da aka biya kuɗin farko na tikiti ko otal. Jira sai ana gobe tashi ba ya rage komai a farashi, sai dai ya rage kariya.

Sai karanta takardar yarjejeniya. Kada ka tsaya a shafin talla, wuce kai tsaye zuwa sashen abubuwan da ba a biya, ka nemi inda aka ambaci annoba, killacewa da umarnin gwamnati. Inshorar tafiya ba dunƙule take ba: akwai kuɗin magani a ƙasar waje, akwai asarar fasa tafiya kafin tashi, akwai kuma katsewar tafiya bayan an fara. Takarda ɗaya na iya biyan kuɗin asibiti idan annobar ta kama ka, ta kuma ƙi biyan ko kwabo na fasa tafiya saboda wannan annobar. Idan sharuɗɗan ba su yi maka ba, yawanci akwai damar maida inshorar a karɓi kuɗi: kwana 14 a Birtaniya, kwana 10 zuwa 15 a akasarin kamfanonin Amurka, muddin ba ka tashi ba kuma ba ka nemi diyya ba.

Dalilin fasawa shi ne inda aka fi samun rigima. Abin da aka saba biya shi ne cutar ta kama ka, ko abokin tafiyarka, ko na kusa da kai a dangi, likita kuma ya rubuta cewa tafiya ba za ta yiwu ba. A duba su wa takardar ke nufi da dangi, don lissafinsu ya fi namu ƙunci nesa ba kusa ba. Haka nan an saba biya idan hukuma ko likita ya ba da umarnin a killace ka, kai da sunanka. Abin da ba a cika biya ba: tsoron kamuwa, rufe iyaka, kullen gari gaba ɗaya, soke taron da za ka je, ko sabuwar dokar killace duk mai shiga ƙasa. A idon kamfani, mai lafiya da ya fasa don tsoro, ra'ayi ya sauya.

Mai son kariya daga tsoron ma, sai ya ƙara kuɗi ya sayi tsarin fasawa bisa kowane dalili, wanda aka fi samu a Amurka. Yana da sharuɗɗa masu tsauri: a saye shi cikin kwana 14 zuwa 21 da biyan kuɗin farko, a sa duka kuɗin tafiyar a ciki, a kuma fasa aƙalla awa 48 kafin tashi. Duk da haka kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari ake maidowa. Ya dace da tafiya mai tsada da aka biya tun da wuri. A kan tikiti ɗaya da ake iya sauya wa rana, ɓarnar kuɗi ce.

Ga kuskuren da ya fi cin mutane: gaggawar soke tikiti. Idan kai ka soke, ka sauka a kan sharuɗɗan tikitinka, wataƙila harajin filin jirgi kaɗai za ka samu. Idan kamfanin jirgin ne ya soke, nauyin maido kuɗi a kansa yake. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta wajabta masa maido da kuɗin cikin kwana 7 ko ya sama maka wani jirgin, kuma a Amurka ma doka ta ba fasinja haƙƙin karɓar kuɗinsa. Don haka in ana raɗe-raɗin dakatar da jirage, yi haƙuri ka jira saƙonsu. A kuma yi hattara da takardar bashin tikiti da suke tayawa a madadin kuɗi: in ka karɓe ta, inshora za ta ce ai ba ka yi asara ba.

In cutar ta same ka a can, kira lambar gaggawa da ke jikin takardar inshorar kafin a kwantar da kai, ko da zarar ka samu sarari. Su ne za su amince da asibitin, su kuma shirya biyan kuɗi kai tsaye. Jirgin ɗaukar marasa lafiya da ka shirya ba da izininsu ba, da wuya su biya. Sakamakon gwajin ya fito daga ɗakin gwaji ko asibiti, ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da kwanan wata da hatimi. Hoton abin gwajin gida mai layi biyu ba ya nuna na wane ne, shi ya sa ake yawan watsi da shi. Karɓi wasiƙar likita da ta ce ba ka isa hawa jirgi ba, da ranar da za ka iya. Kuɗin otal na killacewa yana da iyaka a kowace rana da kuma adadin kwanaki, ka san su kafin ka zaɓi ɗaki. Tambayi kuma ko inshorar za ta tsawaita da kanta idan kwanakinta suka ƙare kana kwance.

Abu biyu na iya rushe kariyar baki ɗaya: zuwa ƙasar da gwamnatinka ta yi gargaɗin kada a je, da rashin cika sharaɗin shiga, kamar katin rigakafin zazzaɓin shawara. Inshorar bizar Shengen (ta shiga galibin ƙasashen Turai) kuwa, wadda dole kariyarta ta kai Yuro 30,000, ta magani ce da maido da mara lafiya gida. Kada a ɗauka ta haɗa da fasa tafiya.

Wajen neman diyya, sanar da kamfani nan take, don akwai wa'adi. Haɗa rasit na komai, shaidar biya ta banki, da wasiƙar kamfanin jirgi da ta otal da ke nuna abin da suka maido da abin da suka riƙe, domin ragowar kaɗai inshora ke biya. In an ƙi, nemi a rubuta maka sakin layin da aka dogara da shi, ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, sannan ka kai ga hukumar da ke sa ido kan inshora a ƙasar da aka sayar maka da ita.