Yadda za ka hau zuwa kangon fadar Dinas Brân a Wales

1. Fara daga garin Llangollen, a arewa maso gabashin Wales. Ƙetare gadar kogin Dee ka haura, akwai alamu da za su nuna maka hanya.

2. Sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe ruwan sha da rigar ruwa. Can sama babu rumfa babu shago, iskar wurin kuma ba ta wasa.

3. Hau a hankali. Hanyar tana lanƙwasa a jikin tudu mai tsayin kusan mita 320, tumaki na kiwo dama da hagu. Duk ƙyauren da ka buɗe, ka rufe.

4. Da ka isa, kada ka yi gaggawar ɗaukar hoto. Dubi ramin tsaron da aka sara cikin dutse ta kudu da gabas, wannan aikin kaɗai ya isa abin mamaki. Sarakunan Powys Fadog, wata tsohuwar masarauta ta wannan yanki na Wales, su ne suka gina fadar a shekarun 1260, mutanensu kuma suka cinna mata wuta a 1277 don kada sojojin Ingila su more ta.

5. Kada ka hau bango, duwatsun sun tsufa. Sauko kafin magariba.