Yadda na gyara tsohuwar Beetle mai cin fulogi

Volkswagen Beetle ce mai inji 1600, tana kakkarwa da safe, fulogi kuma na yin baƙi ƙirin cikin mako guda. Mai motar ya sayo fulogin kamfanin NGK mai lamba BP7ES a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota nan Kumasi, don kawai ya shiga ramin fulogin.

Kuskure biyu ne. Na farko, tsawon haƙoransa milimita 19 ne, alhali kan wannan injin 12.7 yake so. Ragowar na leƙawa cikin silinda, baƙin hayaƙi ya daskare a kai, ranar cirewa sai ya tafi da haƙoran ramin, waɗanda na alminiyo ne. Na biyu, lamba 7 ta cikin BP7ES, wadda ke nuna zafin fulogi, ta yi sanyi ga motar da ke wuni cikin cunkoson kasuwar Kejetia, ba ta ƙone dattin bakinta. A NGK ƙaramar lamba ce mai zafi, a Bosch kuwa babba.

Na jira inji ya huce sarai, na sa NGK B5HS guda huɗu (Bosch W8AC ma daidai ne), giɓin bakin da wuta ke tsallakawa milimita 0.6. Da hannu na fara murɗawa har ya zauna, sannan rabin juyi da sifana.

Bayan mako biyu bakin fulogin ruwan ƙasa ne, kakkarwa ta tafi. Ban taɓa kabureta ba.