Yadda za ka saita matatar imel ta kama saƙonnin damfara

Da farko, shiga shafin kula da imel na ofishinku, misali Microsoft 365, ka tabbatar ana binciken SPF, DKIM da DMARC. Su ke gano ko saƙo ya fito daga inda yake iƙirari.

Sannan ka kafa doka: duk saƙon da ya zo daga wajen ofis amma yana ɗauke da sunan shugaban ofis ko akanta a matsayin wanda ya aiko shi, a tsare shi. Ta nan 'yan damfara kan shigo, da "a tura kuɗin nan yanzu-yanzu".

Toshe fayilolin da ake liƙawa a saƙo masu ƙarewa da .exe, .js da .iso, domin sukan ɗauko manhaja mai cutarwa.

Kada a goge abin da aka kama, a killace shi. Riƙa duba wurin kullum, domin saƙon abokin ciniki na gaskiya kan faɗa ciki. Idan ka ga irinsa, fito da shi, amma kada ka buɗe ƙofa ga duk saƙon da ya fito daga gmail.com don kawai adireshin abokin cinikin na can ne.