Yadda ake auna 'yan wasa da musaya idan kulob ɗin besbol ya shiga sake gini

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa idan ya fara bin besbol ɗin Amurka, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne kasuwar 'yan wasa. A can ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, musaya ake yi, ka ba ni gwani ɗaya da ya riga ya nuna ni kuma in ba ka yara uku ko huɗu da ba su ƙarasa ba tukuna. Kuma babu maganar faɗawa ƙaramin rukuni, kulob 30 ne a MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, ko an lallasa ka sau 110 cikin wasa 162 baɗi kana nan daram. Shi ya sa za ka ga kulob ya zauna da gangan ya ce to mun haƙura da bana da baɗi, bari mu rushe mu sake gini daga tushe. Houston Astros sun sha kashi sau 106 a 2011, sau 107 a 2012, sau 111 a 2013, sai ga su da kofi a 2017 (duk da badaƙalar satar alamun jifa na abokan karawa da ta fallasa daga baya ta shafa wa kofin baƙin fenti). Amma fa ba duk wanda ya rushe ne ke iya ginawa ba, don haka ga yadda za ka riƙa auna lamarin da kanka.

Kafin ka kalli kowane ɗan wasa, fara da tambaya ɗaya: wace shekara ce kulob ɗin nan zai dawo yana neman kofi da gaske? Ka rubuta ta, misali nan da shekara uku ko huɗu. Duk wani hukunci da za ka yanke daga baya a kan wannan shekarar yake rataye. Dalili kuwa shi ne dokar MLB ta ba kulob ikon riƙe ɗan wasa har sai ya cika shekara 6 a babbar gasa kafin ya samu 'yancin tafiya inda yake so. Shekara uku na farko albashinsa kusan mafi ƙanƙanta ne, sauran ukun kuma ana zaman sasanta albashi yana ɗan hawa a hankali, bayan nan sai kasuwa ta buɗe, mai kuɗi ya ɗauka. To ka ga abin da ake saye da sayarwa a musaya ba gwaninta kaɗai ba ce, shekarun da suka rage a hannu ne. Sai ka ɗauko sunayen 'yan wasan kulob ɗin ɗaya bayan ɗaya, gaban kowane suna ka sa shekarunsa na haihuwa da shekarar da zai samu 'yanci. Wanda zai tafi kafin shekarar dawowar nan taka, komai son da magoya baya ke masa, kayan sayarwa ne, sai dai idan za a iya tsawaita kwantiraginsa yanzu-yanzu.

Nan ne mafi yawan kulob ke yin sake, wato jinkiri. Dubi Baltimore Orioles a 2018, shekarar da suka sha kashi sau 115. Sun riƙe Manny Machado har ya rage masa 'yan watanni ya samu 'yanci sannan a watan Yuli suka ba Dodgers shi, suka karɓi mutum biyar. Wanda aka fi yi wa kirari a cikinsu, Yusniel Diaz, kusan bai taɓuka komai a babbar gasa ba, Dean Kremer ne kawai ya zama mai jifa da ake dogaro da shi. Yanzu kwatanta da Nationals a watan Agustan 2022. Juan Soto yana da shekara 23, ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15, kuma saura shekara biyu da rabi a hannunsu, ba su tsaya jira ba suka haɗa shi da Josh Bell suka ba Padres, suka kwaso CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da Robert Hassell da Jarlin Susana da Luke Voit. Abrams da Gore da Wood duk sun kai ga shiga wasan taurari, wanda ake zaɓo gwanayen gasa su buga duk shekara, daga baya. Bambancin farashin nan ba wai don Machado ƙaramin ɗan wasa ba ne, a'a, mai saye yana biyan ragowar kakar da wasu kaka biyu cur ne a wurin Soto, a wurin Machado kuma wata biyu da 'yan kai. Mafi ciwo ma shi ne na Angels da suka riƙe Shohei Ohtani a 2023 suna ganin za su kai labari, ba su kai ba, ya tafi Dodgers a kan dala miliyan 700, su kuma abin da suka tsira da shi zaɓi ɗaya ne na diyya a zaɓen matasa, inda kulob-kulob ke ɗaukar sababbin yara bi da bi duk shekara. Gaskiya wannan har yau yana ba ni takaici, don da sun sayar a lokacin da sun cika ƙananan kulob ɗinsu na raino da yara.

Sai maganar alƙaluma, kuma a nan ka yi hattara don sun fi kowa iya yaudara. Akwai lissafin dunƙule da ake kira WAR, yana nuna nasara nawa ɗan wasa ya ƙara wa kulob fiye da wanda za a iya ɗaukowa a banza daga ƙaramar gasa. Kusan 2 a shekara shi ne matsakaicin ɗan wasa mai fitowa kullum, 5 tauraro ne, 8 kuma ana maganar gwarzon shekara. Ka fara da shi don ka san ajin mutum amma kada ka tsaya nan. Ga mai bugu, duba sau nawa yake haƙura ya bar jifan da ya kauce har a ba shi tafiyar kyauta, da sau nawa ake korarsa da jifa uku, da kuma ƙarfin da ƙwallo ke fita daga sandarsa, tun 2015 na'urar Statcast ke auna wannan, kuma mil 95 a awa zuwa sama shi ake ƙirgawa a matsayin bugu mai ƙarfi. Waɗannan ukun sun fi nuna gobe fiye da yawan bugun da ya ci a wata ɗaya. Akwai kuma wani ma'auni na ƙwallayen da aka buga suka faɗa cikin fili, a dunƙule kusan 3 cikin 10 ne ke tsira ba a kama ba, idan ka ga wani naka nasa ya haura 4 cikin 10 alhali ba gudu gare shi ba ba ƙarfin bugu ba, to sa'a ce ke ɗauke da shi kuma za ta sauke shi, wannan ka sayar tun kasuwa na ci. Kada kuma ka manta da filin da mutum yake wasa, na Colorado Rockies a Denver yana kan tudu kusan mita 1,600, iska ba ta da nauyi ƙwallo sai tashi, alƙaluman masu bugu su kumbura na masu jifa su lalace.

Ga mai jifa kuwa, makin da ake ci a kansa cikin zango 9 (tsawon cikakken wasa ɗaya), wato ERA, ba nasa ne shi kaɗai ba, da hannun masu tsaron bayansa a ciki da kuma sa'a. Ka fi mai da hankali kan abin da yake hannunsa: mutum nawa yake kora, nawa yake ba tafiyar kyauta, nawa ke buga masa ƙwallo ta fice fili. Irin wannan kallon ne ke sa a tsinci dami a kala. A watan Yulin 2013 Cubs suka ba Orioles Scott Feldman, wanda suka ɗauko da kwantiragin shekara ɗaya kacal, da wani mai kama ƙwallo Steve Clevenger, suka karɓi Jake Arrieta da Pedro Strop. Arrieta a lokacin ERA ɗinsa a Baltimore 5.46 ne gaba ɗaya, kowa ya gaji da shi, amma hannun na nan jifan na da ƙarfi da lanƙwasa, saiti ne ya ƙi. A 2015 ya yi nasara 22 da ERA 1.77 ya ɗauki kambun Cy Young na gwarzon masu jifa, a 2016 kuma Cubs suka ci kofin da rabonsu da shi tun 1908. Abu biyu ke cikin wannan labarin. Na farko kulob mai sake gini yana da abin da manya ba su da shi, wato damar haƙuri, zai iya ba mutum wasa 30 ya yi ta kuskure yana gyarawa ba wanda zai ce uffan. Na biyu dabarar ɗauko tsofaffin hannu da ɗan gajeren kwantiragi a lokacin hunturu, idan sun yi kyau a juya su a ƙarshen Yuli kafin a rufe kasuwa.

Masu jifan ƙarshen wasa, waɗanda ke shigowa zango ɗaya su fita, su kam kada ka ƙulla soyayya da su ko kaɗan. Kulob da ke shan kashi sau 95 me zai yi da gwanin rufe wasa? Ga shi aikinsu ba ya da tabbas, bana wuta baɗi toka, amma a watan Yuli masu neman kofi rububinsu suke yi. A 2016 Yankees suka ba Cubs Aroldis Chapman na 'yan watanni suka karɓi Gleyber Torres da wasu, da kaka ta ƙare kuma suka sake sa hannu da Chapman ɗin. A wannan shekarar dai Astros suka ba Dodgers Josh Fields suka karɓi wani yaro ɗan Kuba da ko wasa ɗaya bai buga wa Dodgers ba, sunansa Yordan Alvarez.

To yaran da za a ba ka fa, yaya za ka auna su? Masu farautar 'yan wasa suna ba da maki daga 20 zuwa 80 a kan kowace baiwa, bugu, ƙarfi, gudu, hannu, tsaron fili, 50 shi ne matsakaicin babbar gasa. Amma ni abin da na fi dubawa shi ne shekaru da mataki. Ƙananan gasa hawa-hawa ne, daga A zuwa AA zuwa AAA sannan babbar gasa. Yaro ɗan shekara 20 da ke riƙe kansa a matakin AA ya fi ɗan 25 da ke ragargazar kowa a matakin A, nesa ba kusa ba, don na biyun ƙannensa yake duka. Matakin AA ɗin nan shi ne matattara, wanda ya tsallake shi lafiya ana iya fara sa rai. Sannan ka duba gurbin da yake tsarewa, wanda ke iya tsayawa tsakiyar fili ko bayan mai bugu yana kamawa ko da bugunsa matsakaici ne zai yi amfani, wanda kuwa gurbinsa tushe na farko ne kawai dole sandarsa ta yi magana sosai in ba haka ba babu inda za a kai shi. Yara masu jifa kuma a ƙirga su da ragi, jijiyar gwiwar hannu na iya tsinkewa kowane lokaci, tiyatar gyara ta da ake kira Tommy John kan cinye shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Don haka idan an ba ka zaɓi tsakanin mai bugu da mai jifa masu daraja ɗaya ni dai mai bugun zan ɗauka, masu jifa kuma in tara su da yawa. Kuma a kowace musaya ka nace a saka maka ɗan ƙaramin yaro ɗaya na ƙasa-ƙasa mai baiwa ko da ɗanye ne, haka Padres suka samu Fernando Tatis Jr. yana ɗan shekara 17 daga White Sox a 2016 cikin cinikin James Shields.

Wani abin da ake yawan mantawa, ka san naka kafin ka leƙa na wasu. Astros ɗin nan da ake yabo, a watan Maris na 2014 suka sallami J.D. Martinez a banza, alhali ya shafe hunturu yana gyara yadda yake kaɗa sanda, ba su ba shi isasshiyar dama sun gani ba. Detroit suka ɗauka, a 2015 ya fitar da ƙwallo waje sau 38. Kulob da ba ya neman komai a shekarar ba shi da uzurin korar matashi ba tare da ya gwada shi sosai ba. Haɗe da wannan akwai rajistar mutum 40 da kowane kulob ke karewa, yaron da ya daɗe a ƙananan gasa ba a saka shi ciki ba wani kulob na iya ɗauke shi a wani zaɓe na musamman da ake yi a watan Disamba, saboda haka karɓar yara shida da duk suke buƙatar gurbi lokaci ɗaya ba lallai riba ba ce, wani lokacin biyu masu kyau sun fi.

Kuma kada sunayen da ke saman jerin matasa su ruɗe ka. White Sox sun sayar a kan kari kuma da tsada, Chris Sale ya kawo Yoan Moncada da Michael Kopech a Disambar 2016, Adam Eaton ya kawo Lucas Giolito, Jose Quintana ya kawo Eloy Jimenez da Dylan Cease a 2017, kowa ya ce sun gama da kasuwa. Sun kai wasannin share fagen kofi a 2020 da 2021 ba su tsallake zagaye ko ɗaya ba, rauni ya yi ta cin yaran, babu wasu a baya da za su maye gurbi, a 2024 suka sha kashi sau 121. Don haka idan kana auna musaya ka haɗa da tambayar ko kulob ɗin ya iya rainon yara, kociyoyinsa na ƙananan gasa suna gyara mutum ko dai yadda ya zo haka yake tsayawa. Orioles da suka samu kaɗan a kan Machado ai ta zaɓen matasa da raino suka farfaɗo, Adley Rutschman da Gunnar Henderson duk a zaɓen 2019 suka same su, a 2023 suka yi nasara 101. Sai dai wannan hanyar ma ta ƙara tsauri, tun zaɓen 2023 ƙuri'a ake jefawa a kan gurabe shida na farko, wanda ya fi kowa shan kashi ba shi da tabbacin zaɓen farko kuma, ga shi mafi yawan guraben zaɓen doka ba ta yarda a yi musayarsu ba, don haka idan kana son ƙarin yara sai dai ka nemo su a hannun wani kulob da ɗan wasan da ke hannunka yau.