Kurakuran Saita Fankar Kilim Mai Sanyi da Ɗumi

Da yawa daga cikin kilim ɗin (na'urar sanyaya ɗaki) da ake kiran mai gyara a kansu a Maraɗi da ƙorafin "gas ya ƙare", gas ɗinsu na nan daram. Iska ce ba ta wucewa yadda ya kamata. Wannan na'ura kwashe zafin ɗaki take yi ta zubar waje, lokacin ɗari kuma ta juya aikin, ta jawo ɗumi daga waje zuwa ciki. Abin da ke kai mata zafin shi ne iskar da fanka ke turawa ta cikin bututan jan ƙarfe masu siraran faifan alminiyam da ke bayan matatar ƙura. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kimanin kubik mita 680 na iska a awa ga kowane BTU 12,000 (ma'aunin ƙarfin sanyayawa), wato kilim mai doki ɗaya da rabi. Idan iskar ta gaza haka sosai ko ta zarce, sauran saitin duk ɓata lokaci ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sa fanka a ƙaramin gudu a tsakiyar bazara. Dalilin masu yi a bayyane yake: in ka tara hannu, iskar ta fi sanyi. Amma ƴar kaɗan ce, kuma zafin da take kwashewa daga ɗakin bai kai na babban gudu ba. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma bango da rufin kwano sun sha rana, ɗakin ba zai sauka ba, kwamfireso, injin da ke matsa gas yana zagayawa da shi, zai yi ta aiki babu hutu. In aka haɗa da matata mai ƙura, bututan na iya sauka ƙasa da digiri 0 su kama ƙanƙara. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, gas ɗin da ya kamata ya koma kwamfireso yana tururi sai ya koma masa yana ruwa, kuma wannan na kashe kwamfireso. Daga Maris zuwa saukar ruwan sama, ku bar fanka a babban gudu ko a Auto. In kun ga ƙanƙara, ku mai da na'urar kan alamar fanka kaɗai har ta narke, a ajiye bokiti a ƙasa. Kada a kankare da wuƙa ko sukundireba. Huda ɗaya ta isa ta zubar da gas ɗin duka.

Da damina abin juyawa yake. A Agusta zafin bai kai na bazara ba, danshi ne ke damun mutum. Babban gudu na wucewa da iska kafin raɓar da ke cikinta ta kwanta a kan bututan, sai ɗaki ya yi sanyi amma jiki na danƙo, katifa da tufafi na warin ruma. A sauke zuwa matsakaicin gudu, ko a zaɓi alamar ɗigon ruwa a rimot. Shaidar cewa an dace ita ce tiyon da ke zubar da ruwan na'urar waje ya riƙa ɗiga. A Afrilu kuwa, in tiyon ya bushe, ba lalacewa ba ce, iskar ce babu ruwa a cikinta.

Rimot na da Auto iri biyu, kuma ana yawan rikita su. Na maɓallin fanka gudu kawai yake canzawa. Na maɓallin yanayin aiki shi ke zaɓar sanyi ko ɗumi da kansa, shi ya sa da asubar Disamba wani zai farka ya ji kilim na busa masa zafi. A zaɓi alamar ƙanƙara don sanyi, alamar rana don ɗumi. Sauke lamba zuwa 16 kuma ba ya sa kilim marar inbata (wanda kwamfiresonsa gudu ɗaya yake da shi) saurin sanyi, hana shi tsayawa kawai yake yi. 24 zuwa 26 ya wadatar.

Kafin a yarda a ƙara gas, a auna. A rufe ƙofa da taga, a sa sanyi da babban gudu, a jira minti 15. A ɗora ma'aunin zafi a saman na'urar inda take shan iska, sannan a bakin da take fitarwa. Bambancin da ake nema digiri 8 zuwa 12 ne, a busasshen lokaci yakan ɗan haura. In ya kai 15 ko fiye, iska ta yi ƙaranci. In ya gaza 7, to a nan ne za a duba gas ko kwamfireso. Ƙara gas a na'urar da iska kawai ta rasa yana ɗaga matsi da cin wuta, matsalar kuma tana nan.

In iska ta yi ƙaranci alhali rimot na nuna babban gudu, a fara da matata. Littattafan kamfanoni kan ce a wanke duk mako biyu. Da ƙurar hunturu irin tamu, duk mako ya fi. Ruwa kawai, a shanya a inuwa, a mayar bayan ta bushe. Sannan a kashe wuta a haska tocila cikin bakin na'urar. Doguwar fankar nan mai kama da gora tana tara ƙura a fikafikanta har su cike, tana juyawa amma ba ta ɗibar iska. Wankinta aikin mai gyara ne, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ƙarshen hunturu ya fi dacewa don bazara ta same ta da tsabta. In duka biyun lafiya lau, saura kondansatar motar fanka (ƴar na'urar da ke taimaka mata juyawa), wadda a ƙananan kilim ba ta cika wuce mikrofarad 1 zuwa 2.5 ba. A sauya da mai lamba iri ɗaya. Sa babba don fanka ta ƙara gudu ƙona mota yake yi. A tuna kondansata tana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi. A auna wutar gidan ma, don in ta faɗi nesa da bolt 220, ko janareto ya yi ƙarami, irin wannan mota ragwanci take yi.

Wajen ɗumi, kurakuran ƙanana ne. Iska mai ɗumi sama take tafiya, don haka a karkata fikafikan bakin na'urar ƙasa, saɓanin lokacin sanyi da ake miƙar da su. Fanka kan yi ƴan mintuna shiru bayan an kunna, tana jiran bututan su yi ɗumi. Kada a yi ta kashewa da kunnawa. Matsakaicin gudu ya fi daɗi, don babban gudu na sa iskar ta ji kamar mai sanyi a fata.

Akwatin kilim da ke waje ma numfashi yake buƙata. Kejin ƙarfe na tsaro ba laifi, amma a yi shi da sanduna masu tazara, a bar kamar santimita 30 a baya da fili mai faɗi a gaba. In aka rufe shi da kwano, zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa.

A ofisoshi da otal masu na'urar da ke ɓoye cikin silin tana raba iska ta manyan bututai, rufe bakunan ɗakunan da babu kowa don rage wuta yana ɗaga matsin iska ne ya rage abin da ke ratsa na'urar. Ana canza gudun fankar irin wannan na'ura ta wayoyin motarta ko ƙananan makunnai a allon lantarki, kuma launin wayoyin ya bambanta tsakanin kamfanoni. A bi zanen da ke manne a murfin, a matsa mataki ɗaya kawai, a sake auna bambancin zafin kafin a ƙara wani.