Yadda ake gane ko tsohuwar tayar tsere tana da sauran riƙon titi

Duk mai mota mai ƙarfi a Legas ya san inda kuɗinsa ke zurarewa: taya. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina aiki a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala. Shi ya sa wanda ya sa wa motarsa tayoyin filin gudu, irin su Michelin Pilot Sport Cup 2 ko Toyo R888R ko Pirelli Trofeo R, yake jin nauyin yar da su bayan an gama wasa. Wani kuma a kasuwar kayan mota ta Ladipo zai ci karo da irinsu, an wanke an shafa musu mai suna ƙyalli, a ce masa tokunbo ce, wato gwanjon ƙasar waje, ba ta ci rabi ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, irin wannan taya takan mutu tun haƙoranta, wato zanen fuskarta, ba su ƙare ba. Ido kaɗai ba ya gane hakan, sai an bi ta daki-daki.

Fara da shekarunta. A gefen taya akwai rubutun DOT, a ƙarshensa kuma lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Michelin kuwa cewa yake a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma. Ga tayar tsere, ni ina bayan FRSC, domin robarta mai taushi ta fi ta tayar gida saurin tsufa. In ka ga alamar an kankare lambobin, kada ka tsaya ciniki. Ka kuma sani cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su.

Sai ka taɓa robar, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Duk lokacin da aka shiga fili aka yi gudu har taya ta yi zafi sosai, sannan ta huce, wani abu ya canza a jikinta. Zafin yana ci gaba da dafa robar, man da ke sa ta taushi yana fita, sai ta ƙara tauri kaɗan. Kamar ƙullin alkaki ne, kowace komawa wuta ƙara masa tauri take, ba ya dawowa yadda yake. Taya mai riƙo kuwa taushinta ne ke sa ta nutsa cikin ƙananan ramukan kwalta ta kama. Da ta taurare, zamewa kawai take a kai, ko da haƙora cike.

Danna farcenka a tsakiyar haƙoran. Roba mai rai za ta lotsa, shatin farcen ya tsaya kaɗan kafin ya ɓace. Wadda ta mutu za ka ji ta kamar robar bokiti, fuskarta tana sheƙi. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin taurin roba da ake kira durometa, ba shi da tsada. Amfaninsa yana fitowa ne idan ka auna tayar tun tana sabuwa ka rubuta, ka riƙa aunawa a inuwa, tana sanyi, bayan kowace fita. Launin shuɗi-shuɗi a kafaɗar taya alama ce ta cewa ta sha zafi ƙwarai. Dunƙulen robar da ke manne a fuska kuwa yawanci tsintowa ta yi a fili, tafiya kaɗan za ta goge shi.

Bayan haka auna zurfin haƙora, a wuri uku: ciki, tsakiya da waje. Tayar gida tana fitowa da kusan milimita 8, ta tsere kuwa da 5 zuwa 6 take farawa. A cikin kwarin zanen akwai ƴan tudu masu tsayin milimita 1.6, idan haƙora suka yi daidai da su, taya ta suɗe. Kada ka duba waje kawai. Mai gudu kan sa a karkatar da ƙafafun mota ciki domin ta ci kwana, kuma wannan yana cinye kafaɗar ciki har waya ta leƙo alhali waje yana da kyau. Murɗa sitiyari har ƙarshe ka leƙa, ko a ɗaga motar.

A busasshen fili, taya mai ƙarancin haƙora da robarta ke da rai tana iya riƙewa da kyau. Matsalar ita ce Legas ba busasshen gari ba ne. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma wajen Satumba da Oktoba, ruwa yana kwanciya a titin Lekki zuwa Epe da sauran manyan hanyoyi. Zanen taya shi ne magudanar da ke fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. Idan ya yi ƙasa, kuma ga taya mai faɗi, motar sai ta hau kan ruwa ta yi iyo, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama ba shi da amfani. Wannan yana faruwa a gudun da kowa ke yi a gadar Third Mainland, kuma wanda za ka buga ba shi ya zaɓi tayar ba. A damina, kada ka hau titi da irin wannan taya idan ta yi ƙasa da milimita 3.

Yanzu kai ta wurin mai faci ya cire ta daga wili. Ka ce masa, "Malam, cire min ita in ga cikinta." Nemi faci, da garin roba baƙi a ciki, wanda ke nuna an taɓa tafiya da ita babu iska. Kumburi a gefe yana nufin zaren ciki ya tsinke, sau da yawa daga faɗawa rami, kuma ba shi da gyara. Haka ma tsagewa a gindin haƙora. Faci a kafaɗa ko a gefe, ko igiyar da ake cusawa daga waje, ba abin shiga fili da shi ba ne.

Idan ta tsallake duk wannan, sai ka kula da ita. Iska tana ƙaruwa idan taya ta yi zafi, don haka auna da gejinka da zarar ka fito daga zagaye, ka rage zuwa abin da kamfanin tayar ya ce a riƙe tana zafi. Kafin ka kama hanyar gida, bari ta huce ka mayar da iskar zuwa abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Zagayen farko a yi shi a hankali, na ƙarshe ma haka. Idan akwai kibiya a gefen taya, kada a juya ta wajen sauya wuri. Kuma kada ka haɗa sababbi a gaba da matattu a baya, bayan motar ne zai kufce maka a kwana.

Wajen ajiya, wanke su, su bushe, ka sa kowacce a baƙar leda ka ɗaure, a ɗaki mai inuwa. Nisanta su daga janareto da jarkokin fetur da dizal, domin mai yana cin roba, zafin injin kuma yana ƙara busar da ita. In da hali, sayi wili na biyu ka ɗaura musu, ka bar tayoyin gida a kan motar domin zirga-zirgar Agege zuwa Obalende, ka sa na tsere ranar shiga fili kaɗai.