Sauya fankar katin girafik (katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta): yadda za ka auna wutar da za ta ja

Kun yi ta tambaya ko sabuwar fanka za ta fi ƙarfin katin. Ga matakan:

1. Kashe kwamfuta, zare wayarta daga soket.
2. Duba takardar da ke bayan tsofaffin fankokin, haɗa jimillar amfiyarsu, wato yawan wutar da suke ja (lambar da ke da A a ƙarshe). Biyu masu 0.35A sun zama 0.70A.
3. Haɗa jimillar amfiyar sabbin fankokin ma.
4. Kwatanta su. Hattara, nan ake ɓarna! In sabbin sun fi ja, kada ka jona su a ɗan soket ɗin katin, yana iya ƙonewa.
5. In haka ne, jona su da akwatin wutar kwamfuta ta wayar SATA, irin wadda ke kai wa ma'ajiyar bayanai (hard disk) wuta.
6. Kunna kwamfutar.
7. Tabbatar kowace fanka tana juyawa kafin ka buɗe wasa.